Lokacin yanzu da shuɗaɗɗen lokaci a Ingilishi: inda ɗalibin Damagaram ke tuntuɓe da abin da ke jawo hakan

Tun da aka sa hannu a kan Kundin Sake Gina Ƙasa a ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, maganar koyon Ingilishi ta sake tasowa a Nijar. Kundin ya fayyace matsayin harsunan, amma yadda za a koyar da su a aji yana hannun malamai da masu tsara manhaja. A nan ne wata tsohuwar tambaya take jiran amsa: me ya sa yaro zai shekara bakwai yana karatun Ingilishi, daga ajin farko na kwaleji har ajin ƙarshe na lise, ya haddace dogon jerin aikatau yana rerawa ba gargada, amma da zarar an ce ya ba da labarin abin da ya yi jiya sai harshensa ya sarƙe?

Mafi yawan sarƙewar a wuri ɗaya take, wato wajen zaɓen siffar aikatau tsakanin lokacin yanzu da shuɗaɗɗen lokaci. A Damagaram lamarin yana da fuska ta daban, domin ɗalibi yana isa ga Ingilishi ne da harsuna biyu a kansa, Hausar da ya tashi da ita da Faransancin da aka yi masa karatun boko da shi. Kowanne daga cikinsu yana da nasa tsarin nuna lokaci. Wani wuri sukan taimake shi, wani wuri ɗaya ya ja shi gabas ɗaya ya ja shi yamma, a wasu wuraren kuma su biyun su haɗa baki su kai shi ga kuskure guda.

Abin da ake nufi da lokaci a nahawu

Aikatau shi ne kalmar da ke ɗauke da aiki ko hali a cikin jimla, kamar ci, tafi, saya da sani. Masana nahawu suna rarrabe abubuwa biyu waɗanda darasin aji ya saba cakuɗawa. Na farko shi ne lokaci, wato alamar da ke nuna ko abu ya wuce kafin sa'ar da ake magana ko kuwa ya shafi sa'ar. Na biyu shi ne yanayin aiki, wato yadda mai magana yake kallon aikin: ya kammala, yana kan gudana, ko abu ne da aka saba yi.

Idan aka dubi jikin aikatau shi kaɗai, lokaci biyu ne kawai Ingilishi yake da su, na yanzu da shuɗaɗɗe. “Walk” yakan koma “walked”, “go” ya koma “went”. Babu wata siffa ta uku da aikatau ke ɗauka saboda gobe, sai dai a kawo wata kalma irin “will” a ajiye a gabansa. Sauran siffofin da ɗalibi ke kwafa daga allo ana gina su ne da mataimakan aikatau biyu. “Be” yana nuna aikin da ke gudana, kamar a “she is cooking”, shi kuwa “have” yana ɗaure abin da ya riga ya faru da lokacin da ake magana a kansa, kamar a “she has cooked”. Daga nan aka samo jadawalin nan mai gida 12 da kusan kowane malami ke zanawa, wato jiya da yau da gobe, kowanne da yanayi huɗu.

Masu nazarin harshe sukan ce lokaci biyu ne, malaman aji sukan ce 12 ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa, tunda na farko siffar kalma suke ƙirgawa, na biyu kuma abin da ɗalibi zai iya ginawa. Sai dai akwai fa'ida a ra'ayin farko wadda jadawali ke ɓoyewa: a kowane rukunin aikatau, kalmar farko ce kaɗai ke ɗauke da lokaci. “Is cooking” da “was cooking” sun bambanta ne a kalmar farko, haka ma “has cooked” da “had cooked”. Wannan ƙa'idar ita ce ke bayyana dalilin da ya sa “Did you went?” ya zama kuskure, domin “did” ya riga ya ɗauki nauyin jiya, sai aikatau ya koma siffarsa ta asali a ce “Did you go?”.

Abin da Bahaushe ke zuwa da shi

A Hausa aikatau ba ya sauya siffa don nuna jiya ko yau. Nauyin yana kan ƴar kalmar da ke gabansa: na saya, ina saye, nakan saya, zan saya. Littattafan nahawun Hausa suna kiran jerin na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun da sunan shuɗaɗɗen lokaci, amma aikin da jerin yake yi a bakin mutane ya fi sunan faɗi. Wanda ya ce “na gaji” yanzu ne yake a gajiye. Wanda ya ce “na sani” yanzu yake sane. Baƙon da ya miƙe ya ce “to, na tafi” ƙafarsa ba ta ma fita zaure ba tukuna, haka nan “in ka zo gobe” magana ce a kan ranar da ba ta waye ba. Abin da jerin ke nunawa shi ne cewa ana kallon aikin a kammale, lokacinsa kuwa daga sauran zancen ake gane shi.

Ana ganin sakamakon haka a cikin aji. Malami ya gama bayani ya tambaya “Do you understand?”, sai a ji amsa daga bencin baya, “Yes, we understood”. Ɗalibin ya ɗauko “mun gane” ya zuba a shuɗaɗɗen lokaci, Faransanci kuma ya mara masa baya da “on a compris”. A kunnen mai Ingilishi amsar tana nufin sun gane a wani lokaci da ya wuce, alhali abin da ake so shi ne “we understand”.

Jerin ina, kana, yana shi ma ba ya bambance jiya da yau. “Yana sayar da goro” na iya nufin a wannan sa'ar yana gaban faifansa, ko kuma sana'arsa ke nan, idan kuma aka ƙara “bara” a farko jimlar ta koma baya ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Ingilishi yana tilasta wa mai magana ya zaɓi ɗaya cikin uku, “he is selling”, “he sells” ko “he was selling”. Hausa tana ajiye alamar lokaci sau ɗaya a farkon labari ta ci gaba da tafiya, shi kuwa Ingilishi yana neman a maimaita alamar a kowace jimla. Shi ya sa a takardun ɗalibai ake yawan ganin jimlar farko daidai, “Last year I went to Kano”, sannan waɗanda ke biye su zame, “I see my uncle and he give me money”. A tunanin ɗalibin ya riga ya faɗi cewa bara ne, maimaitawa kuwa ɓata tawada ne.

Akwai kuma aikatau masu nuna hali ko mallaka, irin su “know”, “like”, “own”, “believe” da “understand”, waɗanda Ingilishi bai cika yarda a sa musu “-ing” ba. Hausa kuwa da “ina” take faɗar da yawa daga cikinsu: ina so, ina da mota, ina jin Hausa. Daga nan ake samun “I am having a car” a madadin “I have a car”. Abin lura shi ne “I am having lunch” daidai ne, domin a wannan jimlar “have” ci yake nufi, ci kuwa aiki ne da ke gudana. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a sa “kan” a jimlar Hausa: duk inda “nakan je kasuwa” ya zauna daram, siffar da Ingilishi ke so ita ce “I go”, idan kuma sabon ya riga ya wuce sai a ce “I used to go”.

Abin da Faransanci ke ƙarawa

Faransanci ba shi da siffa ta musamman da ake amfani da ita kullum don aikin da ke gudana. “Je mange” yana ɗaukar ina cin abinci yanzu da kuma nakan ci. Saboda haka ɗalibin da Hausa ta sa ya ce “I am having a car” shi ne kuma Faransanci zai sa ya ce “I eat now” a inda ake son “I am eating now”. Malamin da ya ga kurakuran biyu a takarda ɗaya zai iya zaton yaron caca yake yi da amsa, alhali kowane kuskure yana da asalinsa.

Haka nan bayan “quand” Faransanci yana sa lokaci mai zuwa, “quand j'arriverai”, sai ɗalibi ya rubuta “when I will arrive”. Ingilishi lokacin yanzu yake so a nan, “when I arrive, I will call you”. A wannan gaɓar Hausa ta fi kusa da Ingilishi, tunda Bahaushe “in na iso zan kira ka” yake cewa, ba ya sa “zan” a sashen farko.

Inda aka fi faɗuwa: “I saw” da “I have seen”

Siffar da ake ginawa da “have” tana kama da ta Faransanci mai “avoir” ƙwarai da gaske, kuma wannan kamannin ne tushen ruɗanin. “J'ai vu” da “I have seen” ginin su ɗaya ne, kalma da kalma, amma aikinsu ya sha bamban. A Faransancin yau da kullum “je l'ai vu hier” ita ce hanyar faɗar na gan shi jiya. A Ingilishi kuwa “I have seen him yesterday” kuskure ne, domin “have” a nan lokacin yanzu ne, kuma jimlar tana magana ne a kan halin da ake ciki yanzu sakamakon abin da ya faru. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya rufe, kamar “yesterday”, “last week”, “two years ago” ko wata shekara, dole a koma ga “I saw him”.

Tarihin garin nan ya isa misali. Damagaram ce ta kasance babban birnin Nijar a zamanin mulkin mallaka kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Da Ingilishi za a ce “Zinder was the capital until 1926”, domin lamarin ya rufe. A kan Yamai kuwa sai a ce “Niamey has been the capital since 1926”, domin abin ya faro a baya kuma yana nan har yau. A wannan jimla ta biyu ne Hausa da Faransanci suke haɗa baki. Bahaushe zai ce Yamai ce babban birni tun 1926, Bafaranshe ya ce “Niamey est la capitale depuis 1926”, dukansu da siffar yanzu. Ɗalibin da harsunansa biyu suka yarda da abu ɗaya ba shi da dalilin zargin kansa, don haka yake rubuta “I am here since Monday” hankali kwance, alhali “I have been here since Monday” ake nema. Wannan yana cikin kurakuran da suka fi daɗewa a bakin mutum, har ma a bakin waɗanda suka yi nisa a karatu.

“Depuis” yana ƙara wani ƙulli, domin shi kaɗai yana aikin kalmomi biyu na Ingilishi. “Since” ana sa shi ne a gaban mafarin lokaci, kamar Litinin ko 2020, “for” kuma a gaban tsawon lokaci, kamar “for three days”. Hausa ta raba su tun asali, tunda “tun Litinin” daban ne da “kwana uku ke nan”, kuma ɗalibin da ya tuna da haka ba zai ce “since three days” ba.

Akwai wani taimakon da Hausa ke bayarwa wanda ba a cika amfani da shi a aji ba, wato bambancin “sun” da “suka”. Yaron da ya shigo cikin gida ya ce “baƙi sun zo” yana sanarwa ne cewa ga su can a zaure, wannan kuwa shi ne ainihin aikin “the guests have arrived”. Mai ba da labari da ke cewa “suka zo, suka zauna, suka ci abinci” yana jera abubuwan da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kuma irin wannan jerin da “they came, they sat down, they ate” ake faɗarsa. Daidaiton bai cika ta kowane gefe ba, domin “baƙi sun zo jiya” ingantacciyar Hausa ce, amma a Ingilishi kalmar jiya tana tilasta “came”. Duk da haka, a matsayin matakin farko, ya fi dogaro da kamannin Faransanci aminci.

Siffar “had” tana yin wannan aikin ne a cikin labarin da ya riga ya koma baya, kuma “riga” ce takwararta a Hausa. “When we reached the station, the bus had left” na nufin ko da muka isa tasha mota ta riga ta tashi. Idan aka cire “had” aka ce “the bus left”, ma'anar ta koma cewa da isarmu sai mota ta tashi, mai yiwuwa ma da mu a ciki.

Aikatau marasa bin ƙa'ida da matsalar furuci

Yawancin aikatau na Ingilishi da ɗafa-ƙeyar “-ed” suke nuna shuɗaɗɗen lokaci, amma akwai kusan 200 da ba sa bin wannan hanya. Da yawansu ragowar wani tsohon tsari ne da Ingilishi ya gada tare da danginsa irin su Jamusanci, inda ake sauya wasalin tsakiya, kamar “sing, sang, sung”. “Went” kuwa asalinsa na wani aikatau ne daban, “wend”, wanda “go” ya ara ya riƙe. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066 kalmomin Faransanci sun kwarara cikin harshen, kuma kusan duk aikatau da suka shigo ta wannan hanya “-ed” suka ɗauka, kamar yadda sababbin kalmomin zamanin intanet ke yi a yau. Jerin marasa ƙa'idar bai cika ƙaruwa ba, sai dai a cikinsa ne aikatau da aka fi amfani da su suke, irin su “be”, “have”, “do”, “say”, “get”, “make”, “go”, “know”, “take” da “see”. Babu makawa sai an haddace su, kamar yadda baƙon da ke koyon Hausa yake haddace gida da gidaje, doki da dawaki, ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar da ba a cika kulawa da ita ba ta kunne ce. Ɗafa-ƙeyar “-ed” furuci uku gare ta: sautin t a “walked”, sautin d a “played”, da cikakkiyar gaɓa a “wanted”. A biyun farko ba a ƙara gaɓa, sai baƙaƙe su cunkushe a ƙarshen kalma, har uku a “asked”. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, kuma harshen ba ya jera baƙi biyu a ƙarshen kalma. Faransanci kuma ya riga ya saba wa ɗalibi da cewa haruffan ƙarshe na rubutu ne kawai, kamar “-ent” a “ils parlent”. Idan waɗannan biyu suka haɗu, “walk” da “walked” sukan zama abu ɗaya a kunne, haka ma “he work” da “he works”, kuma abin da kunne bai kama ba hannu yakan manta da shi a takarda.

Inda siffa da lokaci ke rabuwa

Sunayen lokutan ba sa cika alkawari a kowane wuri. “The bus leaves at six tomorrow” siffar yanzu ce a kan abin da aka tsara gobe. Kanun labaran jaridun Ingilishi sukan zo da siffar yanzu a kan abin da ya faru jiya. A ɗaya gefen kuma “if I had money, I would buy a car” siffar da ta shuɗe ce, amma magana ce a kan rashin kuɗin yau, kuma ta yi daidai da “da ina da kuɗi, da na sayi mota”. Haka nan “could you help me?” ya fi “can you help me?” ladabi, ba tare da ya koma jiya ba.

Wajen rubutu mai tsawo

A rubutun insha'i da rahoto, ƙa'idar da ake bi ita ce marubuci ya zaɓi lokaci ɗaya ya kafa labarinsa a kai, kada ya bar shi sai in lokacin abin da yake faɗa ya sauya da gaske. Labarin abin da ya faru da shuɗaɗɗen lokaci ake ba da shi. Gaskiyar da ba ta sauyawa, kamar tafasar ruwa a maki 100 a daidai doron teku, da lokacin yanzu ake faɗarta ko da a tsakiyar labarin jiya ne. Taƙaita abin da ke cikin littafin adabi kuwa al'adar makarantun Ingilishi ita ce a yi shi da lokacin yanzu, domin ana ɗauka labarin yana nan duk sa'ar da aka buɗe littafin, amma rayuwar marubucin da shekarar da aka buga aikin da shuɗaɗɗe ake faɗarsu. Ɗalibin jami'a mai rubuta kundin bincike yakan bayyana abin da ya yi da abin da ya samu da shuɗaɗɗen lokaci, sannan ya koma na yanzu wajen faɗar abin da sakamakon ke nunawa.

Maganar wani da ake ruwaitowa tana da nata hukuncin. Bahaushe yana cewa “ya ce yana zuwa” ya bar maganar yadda take. Ingilishi kuwa yakan ja ta baya taki ɗaya idan aikatau na ruwaya ya shuɗe, a ce “he said he was coming”. Ana iya barin ta a lokacin yanzu idan abin da aka faɗa yana nan daram har zuwa sa'ar ruwayar, amma a jarrabawa ja da bayan ne aka fi tsammani.

Saɓanin da ke tsakanin masu harshen da masu koyar da shi

Su kansu masu Ingilishi ba su taru a kan komai ba. Mutumin Ingila ya fi cewa “I have just eaten”, mutumin Amurka kuwa ba ya ganin laifin “I just ate”. A Ingila ana rubuta “learnt” da “learned” duka, a Amurka na biyun ne ya rinjaya, kuma Amurkawa suna da “gotten” a inda Ingilawa ke cewa “got”. Sai kuma Ingilishin Najeriya, wanda shi ne ya fi isowa kunnen mutumin Damagaram ta hanyar Kano da Daura, ta finafinai da wayar hannu, inda “I am hearing you” da “I am having a car” suka zama ruwan dare a magana. Wasu masana suna ganin wannan nau'in Ingilishi ne mai cin gashin kansa wanda ya cancanci a girmama shi. Masu gyaran takardun jarrabawa kuwa, a Nijar da ma Najeriyar kanta, daidaitaccen Ingilishi suke bi. Ra'ayoyin biyu ba lallai su ci karo ba, muddin ɗalibi ya san wanne ne na hira wanne ne na takarda.

A kan hanyar koyarwa ma akwai ɓangarori. Masu fifita nahawu suna cewa a garin da yaro ba ya jin Ingilishi a gida ko a kasuwa, kuma aji ya cika maƙil, jadawali da hadda su ne abin da za a iya koyarwa a kuma auna. Masu fifita magana suna amsawa da cewa wannan hanyar ce ta haifar da ɗaliban da suka iya cike gurbi amma ba su iya haɗa jimla uku a jere ba. Akwai kuma tambayar harshen bayani: wasu malaman ba sa yarda a ji komai a aji sai Ingilishi, da hujjar cewa ƴan sa'o'in nan na mako su ne kaɗai damar da yaro ke da ita ta jin harshen, wasu kuma da Faransanci suke bayani tunda da shi aka saba. Misalan da suka gabata suna nuna cewa a kan “when”, da “since” da “for”, da “have arrived” da “came”, bayanin minti biyu da Hausa yana warware abin da bayani da Faransanci ke ƙara cukurkuɗawa. A kan sa alamar lokaci a kowace jimla kuwa Faransanci ne ya fi kusa da Ingilishi, tunda shi ma yana yin haka.

Abin da ke shafar talaka

Ga ɗalibin BEPC ko na BAC, wato jarrabawar kammala kwaleji da ta kammala lise, lamarin na maki ne kai tsaye, domin zaɓen siffar aikatau yana shiga tambayoyin nahawu, yana kuma bin kowace jimla ta insha'i. Wanda ke neman gurbin karatu a Najeriya ko Gana zai tarar da shi a takardar neman shiga tun kafin ya taka aji.

A wajen makaranta kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya yar da “-s” ya ce “he work” za a gane shi, iyakaci a san baƙon harshe ne. Yar da alamar shuɗewa kuwa yana iya taɓa aljihu. A ɗauki ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ta Damagaram da ke sayen kayan waya daga wani dillali a ƙasar waje ta WhatsApp, ya je ya tura kuɗi, ya dawo rumfarsa ya rubuta “I send the money”. A ransa “na tura” ya faɗa. Dillalin kuwa ba zai iya tantancewa ba ko an tura, ko ana shirin turawa, ko kuwa ana gaya masa yadda aka saba yi ne, don haka yana iya riƙe kayan yana jira. “I have sent the money” ko “I sent it this morning” ne ke rufe maganar. Akwai ma aikatau irin “cost”, “put” da “cut” waɗanda siffarsu ta yau da ta jiya ɗaya ce, inda sai an ƙara kalmar lokaci kafin a san ko farashin da ake faɗa na bara ne ko na bana.

Mai neman aiki a ƙungiyar agaji da ya rubuta “I worked as a driver for five years” ya sanar cewa ya bar tuƙin, wanda kuwa ya rubuta “I have worked as a driver for five years” ana fahimtar yana kai har yanzu. A takardar asibiti “the child had a fever for three days” na nufin zazzaɓin ya sauka, “has had a fever for three days” kuma na nufin yaron yana kwance da shi.

Idan Ingilishi ya samu gurbi a ofisoshi kamar yadda matsayinsa na harshen aiki ya ba da dama, nauyin zai fi faɗawa kan sakatarori da masu fassara, musamman wajen mayar da takarda daga Hausa ko Faransanci. Jimla kamar “an gyara hanyar” ba ta faɗi ko yaushe ba, kuma mai fassara dole ya zaɓa tsakanin “the road was repaired”, wadda ba ta yi alkawarin komai game da halin hanyar a yau ba, da “the road has been repaired”, wadda mai karatu zai ɗauka cewa motoci na iya bi. Kafin ya zaɓa, sai ya koma wurin wanda ya rubuta takardar ya tambaye shi wanne yake nufi.